Makullin Yaya Bala

Laraba, bayan isha'i.

Yau a tashar Kaura wani ya kunna wa Yaya Bala bidiyo, wai an ƙera motar da ke tuƙa kanta, har makaho za ta kai duk inda yake so. Rabonshi da sitiyari tun da idonshi ya tafi, amma sai ya ce mini: "Sani, ka jiya? Zan koma hanyar Shinkafi."

Ni ban yarda ba. Wai tana ganin rami. To in direban da ya fito Moriki ya kaɗa mata hannu, alamar ɓarayi sun tare gaba, za ta gane ta juya? Shi da kanshi ya koya mini wannan hannun.

Har na buɗe baki, sai na ji makullin tsohuwar motarshi yana ƙara a aljihunshi. Na ce, "Allah ya nuna mana, Yaya."