Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara. Inna tana gaishe ka. Na koma rubutu ne tun da kirana ba ya samunka, kullum kana taro.

Ka yi haƙuri da rubutun, biro ba ya zama a hannuna. Tun da sanyin nan ya shigo hannuwana suka bushe, suka yi kaushi, gaɓoɓin yatsu suka tsattsage. In na dunƙule hannu sai jini. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da Inna ta kwanta ba ta iya riƙe fitsari, kowace safiya akwai zanin gado da kayan jikinta, ruwan famfo kuma kamar ƙanƙara. Daga bakin baho in wuce kamfani in yini ina naɗe kwali, shi kuwa kwali ya tsotse ɗan danshin da sabulu ya rage.

Da zafin ne kawai, da ban dame ka ba. A ƙofar kamfani akwai na'urar da kowa ke dangwala babban yatsa, ita ke shaida mutum ya zo aiki. Nawa ya tsage ta tsakiya, ta daina gane ni. In dangwala, ta kawo ja, 'yan layi su yi ta tsaki a bayana. Aka gwada sauran yatsun, duk kanwar ja ce. Ina tsaye a gaban manaja da raina da lafiyata yake gaya mini ban zo ba, wai shi wanda na'ura ta sani ya sani. Ya ce in wata ya ƙare a haka in nemi wani wurin. Da aikin nan nake sayen maganin Inna, da shi muke ci.

Abin da nake roƙo ɗaya ne: ka zo ka ɗauki Inna har sanyi ya wuce. Gidanka akwai injin wanki, akwai ruwan zafi a bango. Ba ni kaɗai ta haifa ba, kuma ka riga ni shan nonon.

Ka gaida mutan gidan.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Sallama. Ina fata kun wuni lafiya. Inna da sauƙi, tana ta tambayar yaranka, ina ta yi mata ƙarya a madadinka.

Amsarka ta iso. Na gane: ɗakin baƙi ya cika da kaya, matarka kuma bayanta na ciwo. Allah ya ba ta lafiya. Na ga kuma haɗin da ta turo mini, wai ta gani a waya: a cuɗa sukari da lemon tsami a goge hannu, sha yanzu magani yanzu, ba sai an kashe kuɗi ba. Ni ma da wautata na gwada. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na zuba lemon tsami a buɗaɗɗen ciwo, na yi rawar da ban yi ba ranar bikinku, har maƙwabciya ta leƙo ta ɗauka gobara ce. Ka gaya mata haɗin na masu hannu irin nata ne, wanda aikinsa danna waya.

Mai kemis ɗin bakin titi ne ya tausaya mini. Ya ce in rabu da mayuka masu ƙamshi da tsada, basilin fari ya isa. In wanke hannu da ruwan ɗumi, in tsane shi da tawul ba tare da gurzawa ba, in shafa tun da sauran danshi. In zan kwanta in lafta da yawa, in zura tsofaffin safar ƙafa na auduga a hannu. Manyan tsagun in rufe su da filasta, wanki kuma da safar roba. Na bi duk. Inna ta gan ni da safar ƙafa a hannu ta yi dariya har da tari, ta ce autarta ta koma ɗan akuya.

Akwai ɗan sauƙi, amma abin da na gina da basilin wankin safe ke rushewa. Safar robar ta huje wajen matse bargo. Ranar da na je da maiƙo a yatsa kuma na'urar ta sake ƙi, mai gadi ya goge gilashin yana harara ta. A bushe ta ƙi, a jiƙe ta ƙi, sai ka ce dangin miji.

Ka ce za ka kira Inna ka yi mata bayani. Bayanin me? Kiran da kake yi mata sai ka daidaici ina wurin aiki, don kada in karɓi wayar. Na sani sarai. Ba bayani take bukata ba, mota take bukata da ɗa a cikinta. Raina a ɓace yake da kai, Yaya, kuma ba zan ɓoye ba.

Wata ya kusa ƙarewa. Ka huta lafiya, tun da kai kana samun hutun.

Auta

*

Yaya,

Gaisuwa, don Inna ta koya mini. Ba zan tambayi lafiyar kowa ba yau.

Albishirinka: hannuwana sun warke. Na'ura ta kawo kore, manaja ya ce in ci gaba da aiki. Ina rubuto maka wannan daga asibiti, a kan benci, gefen gadon Inna.

Bayan wasiƙata ta biyu sai na fara tarar da shimfiɗarta a bushe. Yau a bushe, gobe a bushe. Na ce Allah ya kawo sauƙi, magani ya karɓe ta. Wanki ya ragu, tsagun suka haɗe, fata ta yi laushi. Har waƙa nake yi a hanyar aiki. Nakan bar mata ruwa da shayi kusa da gado, in dawo in ga kofuna wayam, in yi mata sannu da ƙoƙari. Ashe ta taga take zubarwa. Maƙwabciya ce ta lura bangon waje kullum a jiƙe.

Shekaranjiya na dawo na same ta leɓe ya bushe, ido ya faɗa, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Likita ya ce jikinta babu ruwa, har ya taɓa ƙoda. Nas ta yi ta neman jijiya a hannunta kafin ta samu ta sa ƙarin ruwa.

Da ta farfaɗo na matsa mata, ta gaya mini. Ka kira ta, ka yi bayanin naka. Ka ce mata wankin fitsarinta ne ya lalata hannun Auta, saura kaɗan a kore ta daga aiki, ta riƙa taimakawa tana rage shan ruwa. Ta ce ba da faɗa ka faɗa ba, har da dariyarka. Kai da ka ƙi ɗaukar uwarka a mota, ka ɗora mata wannan a waya, ka kashe, ka koma taro. Ita kuwa maganar ɗanta na fari ba ta faɗuwa ƙasa a wurinta.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba. Kada ka turo kuɗi, kada ka turo haɗi, kada matarka ta turo addu'a ta waya. Ka zo da ƙafarka, ɗakin mata, gadon da ke jikin taga. Ka tsuguna ka gaya mata da bakin da ka faɗi waccan cewa ƙarya ka yi. Ni na gaya mata har na gaji. In na kai cokalin ruwa bakinta sai ta datse leɓe, ta kama hannuwana tana shafawa, tana cewa kada in bari su sake fashewa.

Ina jiranka kafin a cire mata robar ƙarin ruwan.

Auta