Buhun Gyaɗar Baffa Buba

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Zara'u da yara. Ya Kwatano, ya kasuwa? Mu nan Damagaram lafiya lau, Inna ma tana gaisuwa.

Albishirinka. Na koma awon jini, likita ya ce maiƙon jinin nan da muka gada wajen marigayi Baba ya sauka ƙwarai. Magani dai ba dainawa, amma barin man shanu da na yi na koma man gyaɗa ya taimaka.

Abin da ya tsaya min a rai Baffa Buba ne, makiyayin nan na Guna, aminin Baba. Tun muna yara damina ba ta wucewa bai kawo mana ƙwaryar man shanu ba. Bara na daure na faɗa masa gaskiya cewa na bar cin man shanu, ya tashi ya tafi. Na ɗauka zumunci ya yanke. Ranar Alhamis sai ga shi da buhun gyaɗa. Ya ce, "'Yata, ban taɓa riƙe fartanya ba sai bana, saboda ke. Da na sani, da mahaifinki na fara noma wa." Inna ta yi dariya har da hawaye.

Yaya, je ka a auna ka, har yaran. Kar ka ce min ba ka da ƙiba. Baba ya fi ka rama, amma yana da shi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza