Ƙuri'u Dubu Huɗu da Na Jefa wa Yayata

Anti, ki taimake ni da shawara, amma ki sani tun farko ba tuba na zo yi ba. Ni mai gyaran kwamfuta ne, shekaruna ashirin da bakwai. Yayata tela ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, da kekenta na yi karatu. Keken nan ya tsufa, sai ta cusa masa tsumma a ƙarƙashin ƙafa ɗaya yake daina rawa, amma duk layinmu babu mai fitar da wuyan riga kamarta.

Wata ƙungiyar masu sana'a ta sa gasar ɗinki a intanet. Jama'a za su zaɓi mutum goma, alƙalai su duba aikinsu da ido, wanda ya yi na ɗaya a ba shi babban keken ɗinki na lantarki. Dokarsu ƙuri'a ɗaya daga kowane adireshin IP, wato lambar da shafi ke gane na'urar mutum da ita. Kwana biyu da farawa, wata da ko aljihu ba ta iya daidaitawa ta tashi daga ƙuri'a tamanin zuwa dubu biyu tsakanin azahar da la'asar. Ni za a yi wa wannan wayon? Sana'ata ce fa.

Sai na rubuta 'yar manhaja, ko layi talatin ba ta kai ba. Tana bi ta Tor, hanyar nan mai ɓoye sawun mutum a intanet, ta jefa wa Yaya ƙuri'a, ta nemi sabon adireshi, ta sake jefawa. Na kunna ta a wata tsohuwar kwamfuta a bayan kantar shagona, na ci gaba da gyaran firintocin mutane. Kuskurena ɗaya ne, ni mutum ne mai son tsari, sai na sa ta riƙa jiran daƙiƙa casa'in cif kafin kowace ƙuri'a. Kwana huɗu da 'yan awanni ƙuri'u suna shiga kamar bugun agogo, kuma daga ƙasashen da Yaya ba ta san kowa ba. Masu gasar suka cire Yaya, suka rubuta a shafinsu wai saboda maguɗi. Waccan kuwa tana nan daram. Har da rainin hankali, suka ƙara da cewa ƙuri'un Yaya na gaske ɗari shida da sha biyu ne, alhali wadda ke ta goma ɗari biyar da arba'in gare ta. To su bar ta mana!

Yaya ba ta san ni ne ba. Mace ce da ko lambar sirrin wayarta ni nake canza mata. Rantsuwa kawai take yi ba ta yi maguɗi ba, ta ɗauka waccan ce ta yi mata makirci. Kwastomomi biyu sun zo sun karɓe yadinsu, ranar ko abinci ba ta ci ba, kuma abin ya ƙona min rai. Ta ce tunda na san kwamfuta in nemo mata wanda ya yi, ranar Asabar kuma in raka ta ofishin ƙungiyar in zama shaida.

Ana rufe zaɓe ranar Lahadi. Na gyara manhajar, yanzu ba ta da tsayayyen lokaci. So nake in zuba wa duk goman ƙuri'a dubu goma-goma, gasar ta rushe, kowa ya rasa. Ni ban ga laifina ba, su suka fara. In kunna?

Ƙanin Tela

Ƙanin Tela, kada ka kunna. Yau ma ka zare wayar wutar kwamfutar nan.

Na yarda don ƙauna ka yi, kuma idan abin da ka gani game da waccan gaskiya ne, ba a yi adalci ba. Ita hanyar ɓoye sawu ba laifi ba ce, mutane da yawa da ita suke kare kansu. Amma koma ka karanta lissafin da ka aiko min. Mutum ɗari shida da sha biyu sun ga ɗinkin Yayarka sun zaɓe ta, ta riga ta shiga cikin goma da allurarta. Saura kawai alƙalai su ga wuyan rigar nan da kake yabo. Kai ne ba ka yarda hannunta zai isa ba, kai ka cire ta. Sauran telolin kuma da kake son rusa musu gasa, yawancinsu ba su yi maka komai ba, su ma suna da masu dogaro da kekensu.

Kafin Asabar, ka same ta a gida ku biyu, ka gaya mata da bakinka. Za ta yi fushi, ka tsaya ka sha, kada ka kawo zancen waccan don wanke kanka. Sannan ka rubuta wa ƙungiyar da sunanka na gaskiya, ka haɗa da bayanan da manhajar ta ajiye, ka nuna ba da saninta aka yi ba. Ka roƙi a mayar da ita, in sun ƙi, ko kalmar maguɗi su goge daga jikin sunanta. Ƙorafinka a kan waccan ka kai shi daban, da hujja. Kwastomomin nan biyu ma ka taka da ƙafarka ka yi musu bayani.

Kullum ka yi shiru, Yayarka tana ƙara rantsuwa tana zargin wata a kan aikinka. Ta ce ka nemo mata wanda ya yi, ka kuwa san inda yake, sai ka kai mata shi. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sanyaya tata, Ya wanke mata suna.

Anti