Ƙafar Bidi ta Hagu

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma kai ba mai son doguwar takarda ba ne. Amma maganar nan ba wanda zan iya faɗa wa sai kai.

Gida lafiya. Inna ta fita takaba, ta rame amma tana cin abinci. Gero bai kai na bara ba. Hadiza ta haifi namiji a Dutsi, an sa masa sunanka, ana ce masa Abba. Kewaye-kewaye nake yi, ka san hali. Bidi ya mutu, Baba. Ranar Talata muka binne shi a gefen gona.

A gadon asibiti ka riƙe hannuna ka ce kada in sayar da dokin nan, kada in bari ya wulaƙanta da tsufansa. Na ce to. Bayan rasuwarka na kasa ɗora masa sirdi. Wa zai zauna inda ka zauna? Sai na bar shi a turke, ina ta loda masa harawa da dawa, ina ganin gata nake yi masa. Ba a jima ba ƙafafunsa na baya biyu suka kumbura. Na tuna yadda kake danna babban yatsa a wurin, ya lotsa, ka ja shi zuwa rafi, kafin ku dawo kumburin ya sace. Na yi haka, ya kuwa sace. Ranar har tafiyata ta canza, a zatona na gaje ka.

Wata safiya na tarar ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ta hagu, tun daga kofato har cinya, kamar turmi. Na taɓa na ji zafi rau. Harawar jiya tana nan bai taɓa ba. Na ce ai ciwon da muka sani ne, na kama ragama na ja shi. Da ƙafa uku yake bi na, yana nishi. Da ya tirje a bakin masallaci mutane suna kallo, na tsula masa bulala. Wannan ban faɗa wa kowa a gida ba. Shekara ashirin yana hannunka, ka taɓa dukansa?

Inna ta ce in kira likitan dabbobi daga Daura. Na ƙi. Sau nawa na ji ka a majalisa kana cewa wanda ya kira wa dokinsa likita gara ya koma kiwon akuya? Abokanka kuma kullum suna leƙowa barga su ga ko ɗan naka ya san doki. Na jiƙa kanwa, na shafa man shanu, na ɗaure da tsumma. Rana ta biyar na ɗauko wani tsoho daga Zango ya yi masa sakiya. Mutum huɗu muka danne shi aka soka masa ƙarfen da ya yi ja a wuta. Har yau warin yana hancina.

Rana ta tara fatar ta tsage, mugunya tana zuba, ya kwanta ya kasa tashi. Sannan ne na karɓi lambar likitan wurin wani maƙwabci mai shanu, na kira da wayarka, don ita nake riƙewa tun da ka tafi. Kafin azahar ya iso a kan babur.

Yana shiga barga ya kira Bidi da sunansa. Ni ban faɗa masa sunan ba. Dokin ya ɗaga kai, ya yi ƴar haniniyar nan da yake yi maka. Likitan ya duba ƙafar. Daga baya ya gaya mini sau uku kana kiransa saboda wannan ƙafar, kuma duk a ranar da ta fara kumbura. Sai dai ba gida yake zuwa ba. A gona kake tarar sa, a yi allura ƙarƙashin tsamiya, ka dawo gari kamar ba a yi ba. Ya ce in ƙafa biyu ne, ba zafi, doki yana cin abincinsa, tafiya tana saukar da shi. In kuwa ɗaya ce, da zafi, ga ɗingishi, ga ƙin abinci, ba a bari ya kwana, balle tsohon doki. Ya yi abin da zai iya, amma ya ce ciwon ya riga ya shiga jini. Kwana biyu Bidi ya ƙara.

Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Baba? Ka koya mini yatsa da rafi, ka ɓoye mini sauran. Wa kake jin kunya? Mutanen majalisa? Sun zo sun yi mini jaje, sun ce tsufa ne, sun ce ko kai ne ba za ka iya tsare shi ba. Na rufa maka asiri. Ina jin haushinka, kuma ban san ana jin haushin mamaci haka ba. Amma hannuna ne ya riƙe bulalar, ni ne kuma na ƙi maganar Inna. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka.

Jiya na buɗe wayar in kira likitan in yi masa godiya. Sai na ga abin da ban lura da shi ba ranar da na kira shi a ruɗe: lambar tana da suna, tun da can ka ajiye ta. Mai Harawa ka rubuta. Duk kwana taran nan tana cikin aljihuna.

Inna ta ce in cire turken. Gobe zan cire.

Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a inda ba a ɓoye komai.

Ɗanka da ka bar wa amana,
Sale