Ma'aunin Zafi a Reshen Mangwaro

Laraba, bayan sallar isha'i

Alhamdulillahi, yau hankalina ya kwanta. Kwana uku ke nan ina auna zafin gari saboda darasin da zan koyar a gaban mai duba malamai ranar Juma'a. Kullum ma'aunin sai ya haura digiri arba'in, alhali rediyo na cewa talatin da uku. Hedimasta har ya fara zargin na lalata musu shi. Na dawo daga makarantarmu da ke unguwar Mokola raina a ɓace, na rataye ma'aunin a jikin dangar kwanon gidanmu, cikin rana, kamar yadda nake yi a makaranta.

Inna tana suyar awara, ta ɗago ta ce, "Ke Rabi, iska kike aunawa ko kwano? Ni ma in na jingina da shi ai sai na ƙone."

Kunya ta kama ni. Na ɗaure shi da zare a reshen mangwaro, cikin inuwa, nesa da murhunta, na ba shi minti goma. Talatin da uku cif!

Na ce mata da tambayarta zan buɗe darasina. Ta ce to, in kuma gaya wa 'yan ajin ana samun awara mai zafi a nan unguwarmu ta Sabo.