Takardar da na karanta wa Babana ba daidai ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Na riga na zagi kaina iyakar zagi, shawara nake nema.

Ni mace ce, ina aiki a sashen tsara gari na ƙaramar hukuma a nan Maiduguri, ina buga takardu. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, wankin hula yake yi a wani layin shaguna a bakin titi wajen Fezzan. Tun ban san kaina ba nake ganin huluna jere a gaban shagonsa, kowace an kifa ta a kan gungumen itacenta tana shan rana. Shi ne dattijon layin, don haka duk takardar hukuma hannunsa ake kai wa. Bai yi boko ba, ni nake karanta masa, shi kuma ya tara maƙwabta bayan la'asar ya faɗa musu. Ba wanda ya taɓa cewa a nuna masa takarda. Maganar Baba ta isa.

Bara wani kamfani ya nemi izinin rushe layin ya gina babban kanti na zamani. Aka sa ranar da masu shaguna za su zo ofishinmu su faɗi ƙorafinsu kafin a yanke shawara. Da hannuna na buga takardar gayyatar. Washegari Baba ya zaro ta daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Yagana, me mutanenku suke so kuma?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na dubi hannayensa da sabulu ya cinye, duk sun tsattsage. A ofis na daɗe ina cewa mahaifina ɗan kasuwa ne, ban taɓa cewa wane irin kasuwanci ba. Sai na hango shi ya shigo ɗakin taro da rigar aikinsa, yana ɗaga murya da Barbarci, yana nuna ni yana cewa ga 'yarsa, alhali shugaban sashenmu ma a layin yake ba da wankin hulunansa. Na ce masa, "Baba, maganar share kwata ce, ba wani abu ba." Ya yi dariya ya ce, "Kwatar da su ba sa sharewa?" Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Na lallashi zuciyata da cewa ai taron na jeka-na-yi-ka ne, ko sun zo ba abin da zai sauya. To wa ya ba ni ikon yanke musu wannan? Me Baba ya yi mini banda ya biya mini makaranta da waɗannan hannayen?

Ranar taron kujerunsu babu kowa. Wani daga cikin 'yan kwamitin har ya tambaya ko a ɗaga, aka ce an aika musu, ba su zo ba. Ni na buga rahoton da ke cewa babu mai ƙorafi. Bayan watanni aka shafa wa shagunan jan fenti, katafila ta zo.

Da mutanen layin suka je ofis, aka nuna musu shaidar cewa Baba ya karɓi gayyata, ga dangwalen yatsansa. Daga nan aka fara cewa ya sayar da su. Mai shayin da suka yi shekaru suna zama tare ya daina amsa masa sallama. Baba bai taɓa tambayata komai ba. Ya kwaso gumaguman hulunansa ya jera a zaure, amma ba mai kawo wanki. Kwana talatin da uku ke nan da rasuwarsa. Likita ya ce hawan jini ne. Ranar jana'iza, daga mutanen layin mutum biyu kawai suka zo.

Ɗaya daga cikinsu shi ne maƙwabcin shagonsa, wani Inyamuri mai sayar da kayan lantarki, muna kiransa Oga Emeka. Shekaranjiya ya dawo gaisuwa, ya ce yana son ganina a zaure. Ya zauna a tsakanin gumaguman nan, ya ce, "'Yata, Baba ya kawo mini takardar nan bayan an rusa, ni na karanta masa. Da na gama sai ya ce, Emeka, ka bar abin a kaina, yarinya ce, tana da aure a gaba." Na kasa ɗaga ido. Ya ce, "Na yi masa alkawari, ba zan faɗa ba. Amma jiya na ji ana zaginsa a wajen mai shayi, na tashi na bar shayina. Ke kika san abin da za ki yi."

Ashe duk watannin nan da nake kai masa abinci yana sa mini albarka, ya sani.

Saura mako guda a yi sadakar arba'in. Mahaifiyata tana ta tambaya ko mutanen layin za su zo, tana cewa ita dai ta san mijinta bai ci amanar kowa ba. Idan na fito na faɗa, zan wanke sunansa, amma na karya abin da ya zaɓa ya rufe, kuma ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba. Idan na yi shiru, za a ci gaba da kiran mutumin kirki maci amana yana kabari, saboda ni.

Jama'a, me zan yi?