Ɗurin Ƙarshe na Baba

Ƙofar Jatau,
Birnin Zariya.
9 ga Afrilu, 1991.

Zuwa ga Yaya Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a Fatakwal, da fatan ana shan ruwa lafiya. Allah ya karɓi ibadarmu, ya jiƙan Baba. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma ko azumi ɗaya ba ta sha ba. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Ɗanka Zailani yana asibiti. Yana da rai, ya kuma wuce haɗari, amma hannunsa na dama ba zai koma yadda ka san shi ba.

Ka san bindigogin farautar Baba guda biyu da ke rataye a ɗakin soro. Da ɗurinsu ya rasu ya bar su, kai kuma ka ce kada wanda ya taɓa kayan gado sai ka dawo. Ranar Alhamis da la'asar yara suna gwajin tashe, Zailani ne maharbi. Sandar da aka ba shi ba ta yi masa ba, sai ya taka turmi ya sauko da guda. Tsatsa ta riga ta cinye bututun, yana ɗana ta ta fashe a hannunsa. Ina bakin aikina na jinya aka shigo da shi naɗe a zanen mahaifiyarsa Mariyamu.  Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ceto babban yatsa da ɗan ƙaramin. Sauran ukun babu.

Yaya, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Tun bara ni da abokiyar aikina Sista Abigel ta Wusasa muke tambayar mata a ranar awo ko akwai bindiga a gidajensu, da inda ake ajiye albarushi. Yaran da ake kawo mana da ƙuna da raunin harbi ne suka sa muka fara, musamman daga azumi zuwa salla. Da fari dariya ake mana, wai ina ruwan malaman asibiti da kayan maza. A hankali aka fara ji. Wani tsohon maharbi a Limancin Kona har asibiti ya biyo mu, ya ce ya juye tasa ya kulle a akwati. Gidajen mutane sun ji, gidanmu ne ya gagare ni. Na sami Baffa Lado ba sau ɗaya ba, na ce a kira maharbi ya fitar da ɗurin, bindigogin su ci gaba da zamansu. Ya ce hannun ɗan'uwansa ne ya yi ɗurin nan, ba zai bari wani ya harbar da shi a banza ba, kuma ba a jin maganar mace a kan bindiga. Na rubuto maka, ka ce in yi haƙuri zuwa babbar salla.

Yanzu masu zuwa jaje suna ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara kamar kowa, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Abin da ya fi ci mini rai, ta biyun tana nan rataye da ɗurinta, a gidan da yara suka fi goma. Baffa ya ƙara mata tsawon ƙusa ne kawai, ya ce har yanzu maganarka yake jira. Kai ka san yaran gidanmu, har katanga suke hawa.

Don haka abu guda nake roƙo, don girman Allah. Kada ka jira babbar salla. Ka rubuto wa Baffa da hannunka, ka aiko ta wurin direban da ya kawo maka wannan, cewa ka yarda a sauke ta a fitar da ɗurin. In gadon ne matsala, a lissafa ta cikin rabona, na yafe abin da ya saura. Abin da zan yi da ita kuma kada kowa ya tambaye ni.

Inna tana gaishe ka. Mariyamu tana gaishe ka, ita ke kwana da yaron, ko abincin kirki ba ta ci. Ka gaida Malam Jumare da iyalinsa, da duk mutanen Zariya da ke nan. Zailani ma yana gaishe ka. Bai ga hannun ba tukuna, muna juya masa fuska in za a wanke. Jiya da na ce zan rubuto maka sai ya fashe da kuka, ya ce in ba ka haƙuri, ya ɓata bindigar Kaka, don Allah kada ka yi fushi da shi.

Wassalam.

Taka ƙanwa,
Safiyatu.